Muhammadu al-Kashinawi: Bakatsinen da ya koyar da lissafi a Masar, da saƙonsa ga mai tsoron babi na huɗu

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ya san fargabar babi na huɗu. Babi na ɗaya zuwa na uku ana lallaɓawa, a karanto nan, a tsinto can. Amma da an ce a kawo alƙaluma a yi musu fashin baƙi, sai ido ya raina fata. Daga nan sai a nufi shagon kwamfuta na bakin makaranta, a miƙa wa wani takardun tambayoyi, waɗanda wasunsu ma a ɗakin kwana aka cike su da biro kala uku. A biya kuɗi, bayan kwana biyu a karɓo jadawali da zane-zane gwanin kyau. Ranar kare furojet malami ya ɗora yatsa kan lamba ɗaya, ya tambayi daga ina ta fito, sai zufa.

Ni aikin jarida nake karantawa, kuma na shiga kwas ɗin har da murnar na rabu da lissafi. Ashe yana can gaba yana jirana. Idan kai ma haka kake ji, ɗan'uwa, ko ke 'yar'uwa, ko kana Talata Mafara ne, ko Bakura, ko Maradun, to gyara zama. Yau labarin wani mutumin ƙasar Katsina zan ba ka, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, bayan ya zama malamin da manyan malaman Masar ke ɗaukar ilimin lambobi a gabansa.

Katsinar da ya tashi a ciki

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wato Bafulatani Bakatsine. A littattafai ana ƙara masa da laƙabin da ke danganta shi da Ɗan Ranko, wani garin fatake na ƙasar Katsina wanda yanzu babu shi. Ya yi ƙuruciyarsa da karatunsa kafin 1730, lokacin da Katsina ke tashen ciniki da ilimi. Ayari na zuwa daga arewacin hamada da takarda da littattafai, wani na tafiya Gwanja ya dawo da goro. Zamanin su Ɗan Marina da Ɗan Masani bai daɗe da wucewa ba. Garin 'Yandoto, wanda yau yake cikin jiharmu ta Zamfara, ya cika da malamai da almajirai. Birnin Zamfara ma yana nan tsaye da sarautarsa, Gobirawa ba su riga sun ci shi ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa sai a 1754 aka haife shi, shekara 13 bayan rasuwar mutumin da muke magana a kai.

Ka riƙe wannan, don akwai masu gani kamar lissafi baƙo ne da ya shigo ƙasar nan a cikin jakar Bature. Tun kafin a san za a yi makarantar boko a ƙasar Hausa, malamai na raba gado da lissafi, suna fitar da lokutan salla da lissafi, suna ƙirga watanni da taurarin damina da lissafi.

Da harshe ya fara

Abin da ya fi burge ni a rayuwarsa shi ne yadda ya jera karatunsa. Bai faɗa wa lambobi kai tsaye ba. Ya lazimci wani malami mai suna Muhammadu Fudu kusan shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanyar tafiya, yana karatun adabi da nahawu da sarfu. Ya haddace littafin Maƙamat, Muƙamar nan da har yau ake karantawa a zaurukanmu, haddar da idan aka ambaci kalma ɗaya zai kawo maka wadda ta gabace ta ba tare da wani dogon tunani ba. Saboda haka malamin ya riƙa yi masa laƙabi da littafin. Da ya ƙware a nahawu kuma sai ya sauya masa laƙabi zuwa Sibawaihi, sunan babban masanin nahawun Larabci na Basra, wanda shi ma ba Balarabe ba ne.

Ya kuma yi karatu wurin Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Bagarmi a ƙasar Cadi ta yau, wanda ya shahara a ilimin tauhidi. Lissafi kuwa wurin Shehu Muhammadu Bindu ya ɗauke shi: hisabi, da ilimin fitar da lokuta, da ilimin haruffa, da na aufaƙ, wanda mu muka fi sani da hatimi. A wurinsa dai ya karanta manɗiƙi, wato ilimin gina hujja da gane inda ta karkace, da usulu, da balaga.

Duba jerin nan da kyau: harshe, sannan tunani mai tsari, sannan lambobi. Yau idan aka ce kimiyyar bayanai, abin da ake nufi shi ne tattara bayanai, a tsabtace su, a auna su da ƙididdiga, a fitar da ma'ana. Ba datar da kake saye ta waya ake nufi ba. Kuma har yanzu jerin bai sauya ba. Wanda bai iya tsara tambaya a jimla ɗaya mai ma'ana ba, babu manhajar da za ta ba shi amsa. Wanda bai san bambancin abu biyu sun faru tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba, ko ya haddace Python kuskure zai yi, sai dai ya yi shi da sauri.

Daga Makka zuwa Alƙahira

Bayan ya ƙoshi da abin da ke gida sai ya ɗauki hanyar hajji. Tafiya ce ta ƙafa da dabba, wadda ke cin watanni, wani lokaci shekaru. Ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, ya yada zango inda ya ga akwai abin koyo, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi hajji a 1142 bayan Hijira, daidai da 1730, ya zauna a Makka na ɗan lokaci. A can ya fara rubuta babban littafinsa, al-Durr al-Manzum, a kan taurari da ɗalasimai, wanda ya gina shi kan wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin al-Razi. Ya kammala shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146.

A Alƙahira ya fara zama a unguwar Darb al-Atrak, kusa da masallacin Azhar. Cikin shekarun da suka rage masa ya yi rubuce-rubuce a fannoni daban-daban. Akwai Bahjat al-Afaƙ a kan haruffa da hatimai. Akwai Minah al-Ƙuddus, waƙe a kan manɗiƙi, wanda shi da kansa ya yi masa dogon sharhi. Akwai Bulug al-Arab a kan nahawu. Wato mutumin da ya taso daga ƙasar Hausa ya je tsakiyar Larabawa yana rubuta musu littafin nahawun harshensu.

Cikin waɗanda suka ɗauki ilimin hatimi da lissafin haruffa a wurinsa akwai Shehu Hasan al-Jabarti, ɗaya daga cikin manyan masana fiƙihu da falaki na Masar a wancan ƙarni. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa.

Mene ne a cikin hatimi?

Na san da jin kalmar hatimi hankalinka ya tafi wurin laya da allo da malamin tsibbu. Ajiye wannan tukuna, ka kalli lambobin kawai. Ga mafi ƙanƙantarsa, mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Tara kowane layi a kwance, 15. Tara a tsaye, 15. Tara daga kusurwa zuwa kusurwa, 15. Lambobi tara ana iya jera su a gidajen nan ta hanya 362,880, amma takwas kacal ne ke ba da wannan daidaito, kuma takwas ɗin ma hatimi ɗaya ne ake jujjuyawa. Da za ka ce sai ka gwada duka, kowane gwaji minti ɗaya, kwana 252 za ka yi ba barci. Mai ƙa'ida kuwa ko minti ɗaya ba zai yi ba.

Ga ɗaya daga cikin ƙa'idojin da malaman wannan fanni suka daɗe da sani. Ɗauko biro ka gwada. Sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Kowace lamba ta gaba, sauka gida ɗaya ka matsa dama gida ɗaya. Idan ka faɗo ta ƙasa, ka ɓullo ta sama. Idan ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. Idan ka tarar da gidan a cike, koma kan lambar da ka rubuta ta ƙarshe, ka sauka gida biyu a tsaye, ka ci gaba. Shi ke nan. Hatimin da ke sama zai fito maka. Gwada da mai gida biyar-biyar, kowane layi zai ba ka 65. Mai bakwai-bakwai 175. Kuma tun kafin ka fara kana iya sanin amsar da ya kamata ka samu: ninka adadin gidajen gefe da kansa, ƙara ɗaya, sake ninkawa da adadin gefen, raba biyu.

Irin waɗannan hanyoyi ne al-Kashinawi ya tattara ya tsara a rubutunsa na wajen 1732, na hatiman da adadin gefensu mara ne, kamar uku da biyar da bakwai, har da masu tafiya irin ta dokin wasan ces. Jerin matakai da kowa zai bi ya samu amsa iri ɗaya, shi ne yau masu kwamfuta ke kira algoridim, kalmar da ita ma daga sunan al-Khwarizmi ta fito, masanin lissafi na Bagadaza a ƙarni na 9. Ya kuma gargaɗi mai koyo da kada ya karaya idan ya yi kuskure, don fannin na mai naci ne.

To ka ga inda zancen yake. Wanda bai sani ba, hatimi abin tsoro ne a wurinsa. Wanda ya koya, ƙa'ida yake gani. Yawancinmu yau mun mayar da SPSS da ChatGPT tamkar ɗakin boka: a zuba abu ta nan, amsa ta fito ta can, a karɓa hannu biyu ba tambaya. Mai yin haka bai bambanta da wanda ya rataya laya bai san abin da ke cikinta ba.

Rasuwarsa, da yadda labarinsa ya iso mana

Al-Kashinawi bai dawo gida ba. Ya rasu a 1154 bayan Hijira, wato 1741, a gidan ɗalibin nan nasa Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin.

Fiye da shekara goma bayan nan aka haifa wa Hasan ɗa, Abdurrahman al-Jabarti, wanda ya zama babban marubucin tarihin Masar. Bai taɓa ganin baƙon mahaifinsa ba, amma ya taso a gidan da aka adana littattafansa, ya sa tarihinsa a cikin Aja'ib al-Asar: malamansa, shekarar hajjinsa, sunayen littattafansa, har da yadda ya kasa su babi-babi. Kusan duk abin da na ba ka na rayuwarsa daga nan ya samo tushe. Da ba a ajiye takardun nan ba, da sunansa ya bi garin Ɗan Ranko.

A zamaninmu, Hassan Gwarzo ya yi nazarin aikinsa a wata mujallar bincike ta Jami'ar Ibadan a 1967. Wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da shi ga duniya a littafinta Africa Counts na 1973. Akwai kwafin rubutunsa na hannu a ɗakin karatu na makarantar SOAS da ke Landan.

Tunda a Facebook da TikTok da yawanmu suka fara jin sunansa, bari in gyara abu uku. Na ɗaya, duk hoton da ka gani an ce shi ne, ba shi ba ne, don sai a 1839 aka fito da ɗaukar hoto, kusan shekara ɗari bayan rasuwarsa. Na biyu, ba shi ya ƙirƙiro hatimi ba. Mutanen Sin sun san mai gida tara tun da daɗewa, kuma masana irin su Abul Wafa al-Buzjani sun yi rubutu a kai tun ƙarni na 10. Darajarsa ita ce ya ƙware, ya tsara, ya koyar. Na uku, shi bai raba lissafin da asirai ba. Ya yi rubutu kan ɗalasimai da taurari, fannin da malamai da yawa suka yi hani da shi, kuma ya so a riƙa ɓoye ilimin ga wanda bai cancanta ba. Hukuncin wancan ɓangare na malamai ne. Mu lissafin muka zo ɗauka. Batun ɓoyewa kuwa, binciken jami'a akasin haka yake buƙata: ka baje hanyarka a fili yadda wani zai bi ya ga ko gaskiya ka faɗa. Son mutum ba ya halatta yi masa ƙari, kuma tantance labari kafin a tura shi ma aikin bayanai ne.

Daga hatimi zuwa fadamar Bakolori

Kana iya cewa, to me jera lambobi a gidaje zai tsinana wa ɗan Mafara? Saurara. A 1782 aka buga wani aiki na masanin lissafi Leonhard Euler a kan wani sabon nau'in hatimi, inda kowace alama ke fitowa sau ɗaya tak a kowane layi na kwance da na tsaye. Ba ina cewa daga Bakatsinenmu ya koya ba, rijiya ɗaya dai suka sha. A shekarun 1920 kuma Ronald Fisher, wanda ke aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya ɗauki wannan tsari ya kai shi gona.

Ga yadda abin yake. A ce kana son gwada irin shinkafa huɗu. Gefen gonar da ke kusa da hanyar ruwa ya fi danshi, wani gefen kuma ya fi taki. Idan ka shuka iri ɗaya a gefen mai danshi ya fi yabanya, ba za ka san ko irin ne ko ruwan ba. Sai ka raba gonar fangali 16, huɗu-huɗu, ka sa kowane iri ya fito sau ɗaya a kowane layi ta kowace fuska. Yanzu babu irin da ya ci gatan wuri. Wannan tsari har gobe ana koyar da shi a darasin gwajin gona, irin wanda ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Bakura ke buƙata, da masu aiki a tashar binciken noman rani ta Talata Mafara da ke ƙarƙashin cibiyar IAR ta Samaru.

Yankinmu kuma ya san tsadar rashin ingantattun alƙaluma. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. Rikicin diyya da rabon gonaki, wato wa ke da wace gona kuma nawa ce, ya kai ga zanga-zangar manoma da 'yan sanda suka murƙushe a Afrilun 1980. Adadin waɗanda suka mutu har yau ana jayayya a kai: na hukuma bai kai talatin ba, wasu kuma ɗaruruwa suka ƙirga. Wanda bai rubuta nasa lissafin ba, da na wani za a yi masa hukunci. Yau ma da matsalar tsaro ta sa masu bincike daga nesa ke shakkar shiga ƙauyukanmu, wa zai ƙirga gonakin da aka daina nomawa, da yaran da suka bar makaranta, idan ba 'ya'yan wurin ba? Idan kuma 'ya'yan wurin a ɗakin kwana suke cike takardun tambayoyi, to ƙarya ce za ta shiga ɗakin karatu, wani ya zo ya kafa hujja da ita.

Ta ina za ka fara?

Bi jerin al-Kashinawi. Fara da tambaya ɗaya ƙarama wadda za ka iya faɗa wa kakarka da Hausa ta gane. Misali, yaya farashin tiyar gero ke motsi daga kaka zuwa bazara a kasuwar Mafara? Duk ranar Talata ka tambayi masu awo uku, ka rubuta kwanan wata da farashi a Google Sheets na wayarka. Bayan mako goma ka fitar da matsakaici da hannunka, da biro, sannan ka sa manhajar ta fitar, ka ga ko sun yi daidai. Wannan shi ne tara layin hatimi ka ga ko 15 ɗin ta fito.

Idan hannunka ya faɗa, KoboToolbox na ba ka damar tsara takardar tambayoyi a waya, ka cike ko babu sabis. R da Python da jamovi duk kyauta ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na sa rahotanninta a intanet, ka sauko da ɗaya ka nemo layin Zamfara ka gwada shi da na Katsina da Sakkwato. Ko kana Jami'ar Jihar Zamfara ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Mafara, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, nemi mutum biyu ku riƙa zama sau ɗaya a mako, kowa ya duba aikin ɗan'uwansa. Ka kuma ajiye littafi guda da kake rubuta duk matakin da ka bi: wa ka tambaya, yaushe, me ka cire, don me. Kada ka sa wata lamba a furojet ɗinka wadda ba za ka iya bin sawunta har inda ta fito ba.

Al-Kashinawi ya ba harshe kaɗai shekara huɗu kafin ya zama abin da ya zama. Kai kuma kada ka sa ran kwas ɗin mako biyu zai mayar da kai gwani. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gida na wannan mako: zana gidaje biyar-biyar a takarda, ka cike su da 1 zuwa 25 da ƙa'idar da na ba ka, ba tare da ka tambayi waya ba. Idan wani layi ya ƙi ba ka 65, kada ka yaga takardar. Bi sawu ka gano gidan da ka kauce. Ranar da ka iya gano kuskurenka da kanka, ka fara babi na huɗu ke nan.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya sa wa karatunmu albarka.